Tukunyar da Sulong Ya Sayar

Sulong ɗan Embong ya ci amanar mutanen Kuala Penaga. Ya sayar da abin da ba nasa ba, sannan ya dubi idon masunta ya yi musu ƙarya a kan ruwa. Ni Jusoh ni ne na riƙe hannunsa na bi da shi gida gida ina cewa a yarda da shi, saboda haka ba zan wanke kaina ba. Amma ba zan yarda a ce ruɗarsa aka yi ba. Da rana tsaka ya yi abin da ya yi, idonsa biyu, cikin jirgin haya.

Ban yi karatu mai nisa ba. Ina aji huɗu mahaifina ya cire ni ya sa ni a jirgi. Abin da na ƙara sani na tsince shi ne a tsofaffin jaridun da ake naɗe kifi, da zaman masallaci. Ya ishe ni in gane mutumin kirki da wanda ba shi ba, ko da yake a kan Sulong na makara.

Yana da shekara goma sha takwas ya shigo jirgin mahaifina, ni kuma na girme shi da biyar. Ubansa a bakin kogi ya mutu, wurin da yashi ke taruwa ya tare hanyar shigowa. Igiyar ruwa ta kifar da jirginsu, mutane na tsaye a gaɓa suna kallo ba yadda za su yi. Mahaifina ya ɗauki Sulong, ya koya masa nitso.

Mai nitso shi ne kunnen taru. Kafin a zuba komai, shi zai sauka ƙarƙashin jirgi, ya riƙe numfashi, ya saurara. Kifi na da kuka, kowane iri da nasa. Wani kamar ana suya a mai, wani kamar iska cikin ganyen kwakwa. In ya taso zai faɗi irin kifin, da yawansa, da inda ya nufa, sai mutum talatin su zuba taru a kan maganarsa. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji, shi kaɗai. Shi ya sa doka ɗaya ce a kansa: in bai ji ba, ya ce bai ji ba. Mai nitso kan yi kuskure a yafe masa. Ƙarya ce ba a taɓa ji ba. Shekara ashirin Sulong yana sauka, har kunnensa na hagu ya mutu, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Akwai wani wuri a teku, tafiyar awa biyu daga gaɓa, da muke kira Tukunya. Duwatsu ne a ƙasa, yashi mai kaushi ya kewaye su, kifi na taruwa a can ko da ko'ina ya ƙafe. Ba ma zuwa sai a makonni ukun da ke gaban iskar damina, lokacin da kowane gida ke neman kifin da zai shanya na wata ukun da teku za ta rufe. Jirginmu ne ke gaba, sauran jiragen garin su biyo. Wanda ya biyo ba ya waiwayen gaɓa don ya ɗauki alama, abin kunya ne babba. Alamar kuwa ba a rubuta ta, ba a sa ta a na'ura. Baki da baki ake ba da ita. Shekarar da mahaifina zai rasu ya tsayar da jirgi a can, ya juya kaina da na Sulong zuwa gaɓa. Ya ce mu duba hasumiyar masallaci ta shiga tsagin tsauni, mu duba kuma ƙarshen tsibiri ya rufe farar hasumiyar fitila. In biyun sun haɗu, a saki anga. Ya ce, "Ku biyu ne. Kada ta zama uku sai ɗayanku ya ji mutuwa ta kusa."

Shekara biyar da suka wuce muka gaji da ɗan majalisar jihar da muke da shi, wanda ba ma ganinsa sai an kafa tutocin zaɓe. Jirage uku suka kife a bakin kogi cikin damina ɗaya, bai zo ko gaisuwa ba. Muka ce mu tura namu. Sulong ya ce shi bai iya maganar manya ba. Na ce masa ba magana muke nema ba, wanda zai faɗi abin da ya ji muke nema. Na bar teku wata guda ina yawo da shi. Duk gidan da muka shiga abu ɗaya nake faɗi: wannan mai nitso ne. Ban buƙaci ƙari ba. Ya ci.

Shekara biyun farko ba abin da zan ce. Aka koma kiransa YB, yadda ake kiran masu kujera, amma yana ɗaukar waya, yana zuwa jana'iza, ya sa aka gyara gidan ƙanƙara. Daga baya ya koma babban birnin jiha da zama, ya yi mota mai baƙin gilashi, ya yi teɓa. Mutane suka fara magana. Ni ban ga laifi ba. Teɓa ba zunubi ba ce.

A shekara ta biyar, wata biyu kafin zaɓe, muna dawowa daga kamun kifi sai muka hangi wani ƙaton jirgi tsaye a teku, da bututu kamar kututturen kwakwa yana zuƙo yashi daga ƙasa. Ruwan da ke kewaye da shi ya koma kalar shayi da madara. Na juya na dubi gaɓa, ban ma yi niyya ba. Hasumiya na cikin tsagi. Tsibiri ya rufe fitila. Jirgin yana zaune a kan Tukunya daidai, bai kauce ko da tsawon igiya ba.

Ban je gida ba. Da warin kifina na shiga ofishinsa na mazaɓa. Ya taso ya rungume ni, ya sa aka kawo shayi.

Na ce, "Long, ana kwashe Tukunya."

Ya juyo da kunnensa mai ji. Abang yake ce mini, wato yaya, a gari kuma Abang Soh ake kirana. "Na sani, Abang. Kwana uku ban runtsa ba."

"Wa ya ba su?"

"Daga sama ne. Ka san yadda ake yi, takarda ta bi ta can ta can, mu ƙanana sai dai mu ga jirgi. Na yi ihu a zauren majalisa har aka kashe mini abin magana."

"To yaya aka yi suka faɗa daidai wurin?"

"Abang, mutanen nan na'ura gare su da ke ganin allura a ƙasan teku. Zamanin hasumiya da tsauni ya wuce." Ya dafa gwiwata. "Ba ni mako biyu, zan sa su janye. Amma in kore su gaba ɗaya sai na koma majalisa. Sabon shiga ba ya da baki a can. In na yi tazarce, kwamiti za a ba ni."

Mako biyu bai cika ba jirgin ya ɗaga bututunsa ya tafi. Na yarda da shi fiye da da. Na hau tsani da kaina ina ɗaura hotunansa a jikin itatuwa, shekarata hamsin da bakwai. A hoton yana tsaye cikin tsohon jirginsa, zane ɗaure a kai, an rubuta a ƙasa: Mai nitso, ɗanku. Alkawuransa uku ne. Katangar dutse a bakin kogi, sabon gidan ƙanƙara, da tallafin damina ga kowane masunci. Ya sa aka yi wa tsohon jirgin fenti aka ajiye shi a bakin ruwa don ya riƙa hawa yana jawabi.

Saura kwana goma zaɓe, da hantsi, ina zaune a shagon Mak Cik Lijah ina cin shinkafa da kifi. Sai ga Mat Piah, mutumin Teluk Gadung, garin da ke kudu da mu. Shi ba masunci ba ne, hayar jirginsa yake ba masu zuwa kamun kifi na nishaɗi daga birni, kuma bakinsa ba ya rufuwa.

Mak Cik Lijah ta ce, "Ga rediyo ya iso. Piah, shayi za ka sha ko labari za ka zuba mana mu sha?"

"Duka biyun, Mak Cik, amma ki rage madarar, likita ya ce jinina ya zama zuma." Ya ga hoton Sulong a bango ya yi dariya. "Kai, wannan YB naku! Ni da nake ganin teɓar nan na ce teku ta fita daga jikinsa. Ashe idon na nan."

Ta ce, "Ina ka san idonsa? Ko ƙuri'a ba ka da ita a nan."

"Ni kuwa na sani. Bara, bayan ƙaramar salla, jirgina ya ɗauka. Shi da wasu mutum uku masu farar hular kwano, da akwatunan awo. Na ce YB, garinku jirage sun ƙare ne? Ya ce na Teluk Gadung sun fi tsabta. To wa zai ƙi yabo?"

Na ajiye cokali. Na ce, "Ina kuka je?"

"Yo na sani? Abang Soh, ai abin dariya ke nan. Mutanen nan suna ta danna na'urarsu, shi ko kallonta bai yi ba. Ya juya wa teku baya yana kallon gaɓa kamar mai jiran baƙo. Piah, gaba kaɗan. Piah, ka zarce, dawo. Piah, hagu. Na ce YB, mota muke ajiyewa a kasuwa? Can sai ya ce tsaya, saki anga. Suka jefa wani ƙarfe suka jawo yashi. Wallahi da ka ga yadda babbansu ya riƙa murza shi a hannu, sai ka ce gwal. Ya ce wata shida suna yawo ba su samu irinsa ba."

Mak Cik Lijah ta daina goge teburi. Ita ba ta san alama ba, amma shekara arba'in tana shanya kifin Tukunya. Ta dube ni. Mat Piah ya dubi ni, ya dube ta.

"Na faɗi wani abu ne?"

Ta ce, "Sha shayinka, Piah. Yau ka fi kullum amfani."

Bayan azahar na same shi a gidan da ya haya don yaƙin zaɓe. Na ce a ba mu wuri, mutanensa suka fita. Ban zauna ba.

"YB, Mat Piah na gaishe ka."

Ban taɓa kiransa YB ba sai ranar. Ya gane. Ya ce, "Zauna mana, Abang."

"Ka kai su?"

"Na kai su."

"Ka ce mini na'ura ce."

"Na faɗa." Ya miƙe. "To ka ji nawa. Shekara huɗu ina roƙon katangar bakin kogi. Duk shekara a ce babu a kasafi. Ka san wa ya mutu a wurin nan, kana tsaye a gaɓa ranar. Kamfani ya zo ya ce a ba shi yashi shi kuma ya gina katanga. In ce a'a? In jira wani yaron ya ga ubansa ya kife?"

"Dutse nawa suka ajiye zuwa yau?"

"Za su fara bayan zaɓe."

"Motocin da ke ɗaukar yashin daga tasha na wane ne?"

Ya kau da kai. Kowa ya san mijin 'yarsa ya sayi tifa shida a bara, ni ne kawai na ƙi haɗa wannan da wancan.

Na ce, "Gwamnati ba ta ba kamfani wurin da ake kamun kifi. Doka ce, na karanta. Yaya aka yi?"

"An aiko mini da takarda a matsayina na ɗan majalisa, kuma tsohon masunci. Aka tambaya ko akwai wurin su a nan. Aka duba taswirar ofis, babu. Aka duba rajista, babu. Abang, wa ya hana a rubuta? Ba mu ba ne? Shekara ɗari muna ɓoye wuri, yau kuma muna kuka ba a san shi ba."

"Kai ka san shi."

"A can abin da ba ya takarda babu shi."

"Sai ka sa hannu cewa babu."

"Na sa."

"Me ya hana ka zo ka tara mu ka tambaya?"

"Da kun yarda?"

"Da ba mu yarda ba."

"To ka gani," in ji shi. Kuma ya faɗe shi kamar wanda ya ci gardama.

Da zan fita ya riƙe hannun rigata. Ya ce in yi shiru kwana goma kawai, don girman mahaifina. Na ce masa kada ya ƙara sa mahaifina a bakinsa.

A wani abu ɗaya ya yi gaskiya, kuma zan faɗa. Mu muka ɓoye Tukunya har ta zama babu ita a idon hukuma. Mun ɗauka in ɓarawo bai san ƙofa ba an tsira. Ba mu taɓa tunanin wanda ke riƙe da sirrin zai iya zama shi ne mai sa hannu ba. Wannan wautarmu ce. Amma wautarmu ba ta halatta masa komai ba.

Matata Mek Nab ta ce in yi tunani. Ta ce, "Bakinka ne ya kai shi can. In ka tsaya ka ce ɓarawo ne, mutane za su ce to kai mene ne?" Na ce za su faɗi gaskiya.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi babban taronsa a bakin ruwa. An kafa rumfa, an raba ruwan kwakwa, shi yana zaune cikin jirgin nan mai sabon fenti. A tsari ni ne mai gabatar da shi, kuma bai iya cire sunana ba, don da ya cire mutane za su tambaya. Ina jin ya ɗauka kunya za ta hana ni. Aka miƙo mini abin magana.

Na ce, "Shekara biyar da suka wuce na shiga gidajenku na ce ku zaɓi wannan mutum. Wata biyu da suka wuce na ce muku ba shi da hannu a kwashe Tukunya. Ƙarya na gaya muku, ko da yake ban san ƙarya ba ce. Shi ya kai su da kansa a jirgin Mat Piah. Shi ya sa hannu cewa ba a su a wurin. Ya faɗa mini da bakinsa. Ga shi nan zaune, ku tambaye shi."

Wani daga cikin 'yan jam'iyya ya zare wayar lasifika, amma an riga an ji. Wuri ya kaure. Sulong ya miƙe cikin jirgi ya ɗaga hannu biyu, kuma shekara biyar a majalisa sun koya masa magana. Ya ce Abang Soh yayansa ne, ba zai yi musu da shi a gaban jama'a ba. Ya ce gefen yashi kawai aka taɓa, duwatsun na nan lafiya. Ya ce shi ya kori jirgin, kuma ruwa ya kwanta, kifi ya dawo. Wasu suka fara gyaɗa kai. Mutane na son a ce musu abincinsu na nan.

Sai Tok Deris ya buga sandarsa a jikin jirgin. Shi ne mafi tsufa a matuƙan jiragen garin, shekararsa ta haura tamanin, haƙoransa uku.

Ya ce, "Ni ban gane wannan hayaniyar ba. Wancan ya ce ta mutu, wannan ya ce tana nan. Ba ga mai nitso ba? An ma rubuta a ƙasan hotonsa, jikata ta karanta mini. Gobe ya sauka ya ji mana."

Wata mata ta ce daga baya, "In teɓar za ta bar shi ya nutse!"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Hotonsa na bayansa, tsawon mutum biyu. Ba ta inda zai ƙi.

Washegari bayan sallar asuba jirage tara suka fita, nawa a gaba. Sulong na cikin jirgina, da mutum biyu na jam'iyyarsa riƙe da wayoyi suna ɗauka. Muka isa. Na saki anga. Ko a ranar ba wanda ya waiwayi gaɓa a cikin masu biyo mu, duk da ba sauran abin ɓoyewa. Ruwan ya ɗan washe a sama, amma in ka sa hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin yatsunka.

Ya cire riga, ya ɗaura zane, ya yi bisimilla ya sauka. Jikinsa bai manta ba, ko fantsama bai yi ba. Na ƙirga numfashina goma sha biyu kafin ya taso. Ya sake komawa. Ya koma na uku, abin da mai nitso ba ya yi sai in bai ji komai ba.

Da ya taso ya riƙe gefen jirgi, ni na sunkuya kusa da shi. Na ga fuskarsa kafin kowa ya gani, kuma na san abin da ya ji. Da ya ce ban ji komai ba, Allah ya sani da na yafe masa rabi a nan take. Da na ce mai nitso na nan da rai, ɗan majalisa ne ya lalace.

Tok Deris ya ƙwalo daga jirginsa, "Me ka ji, Long?"

Ya dube ni. Ya dubi wayoyin nan biyu da ke kansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Akwai kifi. Suna gabas da duwatsu, da yawa." Mutanensa suka yi kabbara. Ya hau jirgi yana goge fuska ya ce, "Amma a bar su su huta bana. Rana ta yi, mu koma."

Tok Deris ya ce, "Tun da nake ban taɓa jin mai nitso ya ce akwai aka juya ba. A zuba."

Sulong ya koma ya zauna. Ya san doka kamar yadda na sani. Ina jin a cikin shekara biyar ya saba da wurin da ake faɗin magana a tafa a tashi, ba wanda zai jefa taru a bayanta.

Aka zuba gabas da duwatsu, inda ya ce. Mutum talatin da ɗaya suka ja. Tarun ya yi nauyin da ban taɓa ji ba, har wasu matasa suka fara murna. Awa biyu muna ja, tafin hannu ya fashe, baya ya ƙage. Abin da ya taso laka ce, baƙa, mai wari, da matattun ƙwanso, da gutsattsarin dutsen da bututu ya karya. Tarun ya yage wuri huɗu. A cikin lakar muka tsinci kifi bakwai, ba wanda ya kai tafin hannu.

Ba wanda ya zage shi. Masu wayoyi suka sa su a aljihu. Tok Deris ya sa aka matso da jirginsa, ya ɗauraye kifin bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a bokiti, ya miƙo ya ajiye a gaban ƙafar Sulong.

Ya ce, "Ungo. Rabon mai nitso."

Awa biyu na komawa yana zaune da bokitin a tsakanin ƙafafunsa.

Ranar zaɓe mutum dubu da ɗari da arba'in suka jefa ƙuri'a a makarantar Kuala Penaga. Sulong ya samu talatin da ɗaya. A sauran garuruwan mazaɓar ma labarin ya riga shi isa, don Mat Piah ya ɗauke shi ya kai ko'ina, yana ƙara gishiri. Sulong ya faɗi warwas. Wanda ya ci ba gwaninmu ba ne, ɗan kasuwa ne daga cikin gari, kuma ban sa ran komai daga gare shi ba. Jirgin yashi ya dawo mako uku bayan zaɓe, don takardarsa na nan da sa hannu. Katanga har yau ba a ajiye dutse ɗaya ba. A waccan shekarar Mak Cik Lijah ta shanya kifi a tabarma biyu, ita da ta saba shanya ashirin. Ni kuma ba wanda ya sake tambayata wa za a zaɓa. Mek Nab ta yi gaskiya, kuma ban ga laifin kowa ba.

Da iskar damina ta fara kaɗawa aka sa ranar gayyar fitar da jirage. Haka muke yi kowace shekara. Maza su taru, a jera gungumen kwakwa a kan rairayi, a ɗaura igiya, a jawo jiragen ɗaya bayan ɗaya zuwa tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Ba a tambayar jirgin wane ne. Na taɓa sa kafaɗa a jirgin mutumin da muka yi shekara tara ba ma gaisawa, shi ma ya sa a nawa.

Sulong ya dawo garin da zama, don gidan birni na kujera ne. Ya fito ranar da tsohon zane, ya ja igiya tare da mu a jirgi na farko da na biyu, ba wanda ya hana shi, ba wanda ya ce masa sannu. Jirginsa na nan a bakin ruwa inda aka bar shi tun ranar taro, da fentinsa. Muka fara daga arewa muna gangarowa. Da muka zo kansa ya riga mu, ya ɗaura igiya a gaba, ya jera gungume da hannunsa, ya tsaya riƙe da bakin igiyar.

Mutum arba'in suka ratsa ta gefensa suka kama jirgi na gaba. Ba a shirya ba, ba wanda ya ba da umarni.

Ya ce, "Abang Soh."

Ina jin sa. Na sa kafaɗata a jirgin Tok Deris.

Jirage talatin da biyu muka fitar kafin magariba. Kwana uku bayan haka teku ta taso ta farfasa jirgin Sulong, katakonsa ya watsu har Teluk Gadung. Yana nan a garin har yanzu. In ya yi sallama ana amsa masa, don wajibi ne. Ba wanda ke tambayarsa komai, ko ƙarfe nawa.